Turmin Kaka: abin da na koya ranar da na yi alkawarin rarake ƙirya da inji

 A wannan makon zan ba ku labarin wata kunya da na sha a hutun da ya wuce, lokacin hunturu. Na daɗe ina tunanin ko in rubuta ko in binne ta, amma na ga cewa a cikinta akwai lissafi, akwai Fiziks, akwai kuma wata magana game da itatuwan yankinmu da ya kamata mu fara yi tun yanzu.

Kakata tana zaune a wani ƙauye da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, bayan an wuce Bakori. Tana da wani ƙaramin turmi na dakan kayan miya wanda ya girme ni, ya girmi yayata ma. Da na je gaishe ta sai na tarar ya tsage daga baki har kusan gindi, an ɗaure shi da robar taya, in ta daka daddawa rabi yana maƙalewa a cikin tsagar. Ni kuwa ga ni ɗan jami'a mai karanta injiniyanci, kai na hayaƙi. Nan take na ce mata, "Kaka, ki bar wannan. Zan yi miki sabo da inji, kwana ɗaya ya ishe ni."

Ƙanen mahaifiyata yana zaune a gefe yana gyara ƙotar fartanya. Masassaƙi ne, a hannun mahaifinsa ya koya. Bai ɗaga kai ba ya ce, "To, Injiniya. Zo ka ɗauki icce." Ya kai ni bayan gida ya ba ni wani gungumen ƙirya, faɗinsa santimita 20, tsayinsa kamar 30. Ya ce shi kaɗai ya rage masa daga wata bishiya da iska ta kayar da damina. Na ɗaura shi a bayan babur na nufi Funtuwa, wurin wani kafinta da nake zuwa shagonsa tun ina ƙaramar sakandare.

Hanya biyu ta rarake itace

Kafin in ci gaba, bari mu fahimci aikin. Duk wani abu mai zurfi da ake yi da itace, ko turmi ne, ko akushi, ko kwarkwaron ganga da kalangu, matsalarsa ɗaya ce: yadda za a fitar da cikin gungume a bar bango mai kauri daidai, ba tare da an huda shi ko an tsaga shi ba.

Masassaƙinmu na gargajiya yana sa itacen ya tsaya wuri ɗaya, hannunsa ne yake motsi. Da gatari yake fitar da siffar waje, ya daidaita da gizago, sannan ya shiga ciki da ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da doguwar ƙota, yana sara kaɗan-kaɗan yana juya gungumen da ƙafa. A ƙarshe ya kankare. Ya san itatuwansa kamar yadda manomi ya san gonarsa: ƙirya ga turmi da taɓarya saboda taurinta da nauyinta, danya ga akushi saboda tana da sauƙin sassaƙa, alilliba ga ganguna, aduwa ga allo.

Injin juya katako kuwa akasin haka yake yi. Itacen ne yake juyawa, ƙarfen yankan yana hannunka a kan wani madogarin ƙarfe, kana matsar da shi a hankali. Wannan shi ne injin da kafintoci ke fitar da ƙafafun tebur da na gado masu zagaye da shi, kuma yawancinku kun ga hotonsa a littafin darasin fasaha na ƙaramar sakandare. Ba sabon abu ba ne a duniya. A Masar akwai zane a kabarin wani mutum mai suna Petosiris, na wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, da ke nuna mutum biyu suna wannan aiki: ɗaya yana jan igiya itacen yana juyawa, ɗaya yana riƙe da ƙarfe. Abin da ya canza a zamaninmu shi ne mota mai aiki da lantarki ta maye gurbin mai jan igiya. Ita kuwa mota ba ta da ido, ba ta tsayawa don ka yi kuskure.

Kuskure na farko: gudu

Na isa shago Oga ya fita sayo fenti, sai yaransa biyu. Na daidaita fuskar gungumen, na ɗaure shi a jikin faifan ƙarfe da kusoshi masu murɗi, na ɗora a inji, na tokare ɗaya ƙarshen. Ban duba bel ba. Ashe an bar shi a kan fulin da ya fi gudu, wanda aka yi ƙafar kujera da shi da safe. Ina kunnawa injin ya fara rawa yana tafiya a kan siminti kamar an sa masa ƙafa. Allah ya taimaka ɗaya daga cikin yaran ya yi wuf ya kashe.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Kewayen da'ira shi ne faɗinta sau 3.14. Gungume mai faɗin santimita 20 yana da kewayen kusan santimita 63. In yana juyi 800 a minti, fatarsa ta waje tana tafiyar mita 500 da ɗoriya a kowane minti, wato kimanin kilomita 30 a awa. In ka kai shi juyi 2,400 a minti, ya zama kilomita 90 a awa, gudun motar haya a kan titin Zariya. Ƙafar kujera mai faɗin santimita 5 a wannan juyin ba ta wuce kilomita 23 a awa ba. Inji ɗaya, bel ɗaya, amma haɗarin ba ɗaya ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Ƙarfin da ke neman fizge itacen daga jikin inji ba ya ƙaruwa daidai da gudu, yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa. In ka ninka gudu sau 3, ƙarfin ya ninku sau 9. Gungumen da bai gama zama zagaye ba kuwa wani gefensa ya fi wani nauyi, shi ya sa injin ya yi ta tsalle.

Masu wannan sana'a a Amurka suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: ka auna faɗin itacen da inci, ka ninka shi da yawan juyi a minti, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Gungumena inci 8 ne, ke nan juyi 750 zuwa 1,125 ne iyakarsa bayan ya zama zagaye, kuma kafin nan sai a fara da ƙasa da haka. Da Oga ya dawo bai yi mini lissafi ba. Cewa ya yi, "Kai, babban icce, ƙaramin gudu. Wannan ko ɗan koyo na wata guda ya sani." Ya mayar da bel ɗin da kansa, ya juya gungumen da hannu sau ɗaya don ya tabbatar ba ya taɓa madogari, sannan ya ce in tsaya gefe kafin ya kunna.

Kuskure na biyu: zurfi

Siffar waje ba ta ba ni wahala ba. Cikin awa biyu ga turmi a tsaye, da ƙugunsa da gindinsa, har na ɗauki hoto. Sai aka zo rarake ciki.

Santimita biyar na farko sun tafi lafiya. Da na kai wajen santimita 12 sai ƙarfen ya fara kakkarwa yana wani kuka, yana barin zane-zane a bango. Na ƙara dannawa, ina ganin ƙarfi ne bai isa ba. Ina matsawa wajen 15, bakin ƙarfen ya cafki itacen, ƙotar ta yi sama ta bugi haƙarƙarina, babban yatsana ya matse a jikin madogari. Farcen ya yi baƙi, sai bayan wata biyu ya fita.

Me ya faru? Abu biyu ne, kuma dukansu batun Fiziks ne.

Na farko shi ne dokar maɗaga, wadda ta sa ƙaramin yaro ke iya ɗaga dutse da dogon ƙarfe in ya sa masa matashi. Madogarin inji shi ne matashin. Ƙarfena da ƙotarsa santimita 60 ne. Lokacin da santimita 5 kawai suka wuce madogari, 55 suna wajena. In itacen ya danna bakin ƙarfen da nauyin kilo 10, abin da ke isowa hannuna bai kai kilo 1 ba. Amma in santimita 20 suka shige ciki, 40 suka rage, wannan kilo 10 ɗin ya zama kilo 5 a hannuna. In kuma bakin ya cafki itacen, abin ya wuce kilo 10 nesa. Duk santimitar da ka ƙara shiga, kana miƙa wa itacen ƙarfin da ka fi shi da shi.

Na biyu shi ne lanƙwasa. Ku gwada wannan a aji: ku ɗora rula a bakin tebur, santimita 5 a waje, ku danne sauran, ku taɓa bakinta. Da ƙyar za ta motsa. Ku fito da 20 ku sake taɓawa, za ku ga tana rawa tana ƙara. Lanƙwasar irin wannan sanda tana ƙaruwa da tsawonta sau kansa har sau uku. Daga 5 zuwa 20 ninki 4 ne, amma lanƙwasar ta ninku 4 sau 4 sau 4, wato 64. Wannan ita ce kakkarwar da na ji. Maganinta ba ƙarfin dantse ba ne, kaurin ƙarfe ne: in aka ninka kaurin sanda mai zagaye sau 2, taurinta wajen lanƙwasa yana ninkuwa sau 16. Shi ya sa masu rarake abu mai zurfi suke amfani da sandar ƙarfe mai kauri da ɗan ƙaramin baki mai kaifi a ƙarshenta, da doguwar ƙota da ake maƙalewa a ƙarƙashin hannu. Wasu ma suna sa ƙotar a cikin wani makari na ƙarfe da zai hana ta tashi sama ko murɗewa. Wani Ba'amurke mai suna David Ellsworth ya yi suna tun a shekarun 1970 da lanƙwasassun ƙarafan da ya ƙera wa kansa, waɗanda yake rarake tukwanen itace masu siririn bango da su ta ƙaramin baki.

Na gaya wa Kawu wannan labari daga baya, ya yi dariya ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙarfen da yake rarake gindin turmi da shi. Baki ƙarami, wuya mai kauri, ƙota doguwa. Ya ce maƙerin garinsu ne ya yi wa mahaifinsa. Babu wanda ya koya wa wannan maƙerin lissafin ninki 16, amma hannunsa ya kai ga amsar da littafinmu ya kai.

Yadda Oga ya ƙarasa da ni

Washegari na koma da yatsa a naɗe. Oga ya tsaya a kaina, ga kuma abin da ya nuna mini, mataki-mataki.

Da farko a huda tsakiya. A daidai tsakiyar abin da ke juyawa gudun itace sifili ne, domin da'irar da yake zagayawa ba ta da faɗi. Ƙarfe ba ya yanka a wurin, turewa kawai yake yi. Don haka sai a sa babban mahuji a huda rami har zurfin da ake so. Ramin ya cire wurin da ya fi wahala, ya kuma zama alama: in ka kai ƙarshensa, ka tsaya.

Sai a yi yanka daga tsakiya zuwa bango. Ku ɗauki itace kamar daurin tsintsiya, zaruruwansa duk suna bin tsayin bishiya. Turmi a tsaye yake bin wannan tsayi, bakinsa yana kan ƙarshen zaruruwan. Wannan ne ya sa yake jure dukan taɓarya shekara da shekaru, shi ne kuma ya sa rarake shi ya fi na akushi wuya. In ka faro daga ramin tsakiya kana zuwa waje, kowane zare da kake yankawa yana da na bayansa da ke tallafe da shi, sai yankan ya fita sumul.

Sannan a yi aikin hawa-hawa. Ka gama santimita 4 ko 5 na sama har kaurin bangon da kake so, ka sauka na gaba, kada ka koma sama. Itacen da ya rage a ƙasa shi ne ke riƙe da bangon da ka sirantar.

A riƙa tsayar da inji ana kwashe dusar katako. In ta taru a ciki tana toshe bakin ƙarfe, ta ɓoye maka abin da kake yi. Kuma ba a sa hannu ciki sai injin ya tsaya cak.

A riƙa awo. Oga ya gitta sanda a bakin turmin, ya zura tsinke ya auna zurfi, ya fitar ya gwada a waje don a ga kaurin gindi. Kaurin bango kuwa da wata waya mai tauri da ya lanƙwasa kamar baka yake aunawa. Kawu ba ya amfani da ko ɗaya. Ƙwanƙwasawa yake yi da bayan gizago ya saurara, wurin da ya yi siriri ƙararsa daban ce. Gindin turmi dole a bar shi da kauri sosai, nan ne duka ke sauka.

Kwana ɗayan da na yi wa Kaka alkawari ya zama uku. Amma turmi ya fito, na goge shi da samfefa har yana ƙyalli.

Kuskure na uku, wanda ya fi ciwo

Na kawo shi gidanmu a Funtuwa na ɗora a kan katanga a rana, wai ya bushe da wuri in kai mata. Iskar hunturu tana kaɗawa, irin wadda ke fasa leɓe da diddige. A rana ta huɗu da asuba na fito na tarar da tsaga daga baki ta gangara kusan rabi, yatsa na shiga.

Ɗanyen itace cike yake da ruwa. Yana fara bushewa ruwan da ke cikin ramukansa ne ke fita, girmansa bai canza ba. Sai ruwan ya ragu zuwa kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen itacen, sannan zaruruwan kansu su fara sakin nasu, itacen ya fara tsukewa. Tsukewar kuma ba daidai take ba ta kowane gefe. Ta tsayi kusan babu. Ta kewaye, wato bin zoben da kuke gani a jikin gungumen da aka yanke, ta kai kusan ninki 2 na tsukewar da ke tafiya daga tsakiya zuwa waje. Ke nan kewayen yana neman raguwa fiye da yadda faɗin zai ba shi dama, kamar ka sa wa ƙato rigar yaro. Dole wani wuri ya yage. Turmi kuwa da zuciyar itacen a tsakiyarsa ake yin sa, don haka kullum yana cikin wannan haɗari. Ga shi kuma ƙarshen zaruruwa yana sakin ruwa da sauri fiye da gefe, sai siririn baki ya bushe ya tsuke alhali gindi mai kauri yana nan jiƙe. Rana da hunturu suka haɗu suka ƙarasa aikin.

Ba a hana itace tsukewa, sai dai a sa shi ya yi a hankali, ko'ina a tare. Masu inji sukan rarake ɗanyen itace su bar bango mai kaurin kusan kashi 10 cikin 100 na faɗinsa, su shafe baki da gindi da kakin zuma ko fenti, su ajiye a inuwa na watanni, in ya bushe su mayar kan inji su ƙarasa. Kawu yana shafa man kaɗanya, ya rufe da buhu, ya ajiye a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Dabara ɗaya ce.

Na ɗauki fasasshen turmin na kai ƙauye, domin ɓoyewa ba ta da amfani. Kaka ta karɓa ta juya shi ta ce, "Ai ya yi kyau, jikana. Zan riƙa zuba goro." Kawu ya daɗe yana duban tsagar. Sannan ya ce, "Injiniya, wannan iccen ya girmi uwarka. Kwana huɗu ka kashe shi." Bai ƙara ko kalma ba, kuma da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya sa maganar ta wuce turmi

A da, in ji Kawu, masassaƙi ba ya wuce bayan gari ya samo ƙirya. Yanzu daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ta Bakori, ta Danja, ta Kafur, gonakin masara da dawa da auduga da waken soya ne ido ke gani. Ƙirya tana jinkirin girma, kuma gawayinta na daga cikin mafi kyau, maƙera na nemansa, masu sayar da gawayi na nemansa. Dazuzzukan yamma, wajen Faskari da Sabuwa, inda ake samun ragowar manyan itatuwa, rashin tsaro ya sa shigarsu ta zama sayar da rai. Matsalar ba ta tsaya a kanmu ba. Madobiya, wadda aka yi ta sara a Najeriya ana fitarwa Sin, sai da aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya ke sa ido kan cinikinsu, daga shekarar 2017. A 2022 aka ƙara da dangin maɗaci na Afirka.

A ɗaya gefen kuma kasuwar masassaƙi tana tsukewa. Injin niƙa ya karɓe rabin aikin turmi, roba da silba sun kori akushi daga yawancin gidaje. 'Ya'yan Kawu uku, babu wanda ya yarda ya riƙe gizago. Ɗaya ya ce mini kunya yake ji abokansa su gan shi. Na fahimce shi, domin ni ma da na ce wa Kaka "da inji", abin da nake nufi a zuciyata shi ne na fi Kawu.

Ga abin da na gano. Injin ya fi Kawu sauri da daidaiton zagaye, babu musu. Amma duk kuskuren da na yi guda uku, Kawu ya san maganin biyu tun kafin a haife ni, Oga ya san na ukun. Ni kuma na san dalilin da ya sa maganin yake aiki, su ba su taɓa jin lissafinsa ba. Yankinmu yana bukatar mutumin da ya haɗa duka biyun, kuma a cikinku zai fito. Wanda zai iya ɗaukar guntayen da ake jefawa a wuta ya fitar da ƙananan turame, da akusa, da kwanon zuba dabino, da marfi, ya sayar a Funtuwa da Zariya da Kano da kuɗin da ya ninka na gawayi. Wanda zai san cewa duk bishiyar da ya sara akwai bashin dasa wata a kansa. Masu sha'awa su tambayi malaminsu na fasaha game da kwalejojin fasaha na jiha da jarrabawar NABTEB, wadda ke da darussan aikin katako. Wannan hanya ba ta hana shiga jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha. Kuma ba ta maza kaɗai ba ce. Inji ba ya tambayar jinsi, natsuwa yake tambaya.

In za ku kusanci injin

Kada kowa ya karanta wannan ya je ya kunna injin wani. Sai da izini, sai kuma da gwani a tsaye. Ba a aiki da riga mai faɗin hannu, ko mayafi mai lilo, ko agogo, ko zobe, ko safar hannu. 'Yan mata su cusa bakin hijabi cikin rigar aiki su ɗaure, domin abin da ke juyawa in ya kama ƙyalle ba ya saki. A sa garkuwar fuska, tabarau kaɗai ba ya tare gungume. A rufe hanci da baki, musamman lokacin goge da samfefa. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako a cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. A duba bel kafin a kunna, a juya itacen da hannu, a tsaya gefe. Itacen da ke da tsaga ko ruɓa ba a ɗora shi. In ƙarfe ya fara kuka, a janye shi, a tsaya a yi tunani.

Aikin wannan mako

Abu uku, duk ba sa bukatar inji. Na ɗaya, ku auna faɗin bakin turmin gidanku, da zurfinsa, da kaurin bangonsa da na gindinsa, ku tambayi wadda ke daka da shi shekararsa nawa da kuma itacen da aka yi shi da shi. Na biyu, ku yi gwajin rula a santimita 10 da 20, ku lissafa ninki nawa ya kamata lanƙwasar ta ƙaru. Na uku, ga tambaya: gungume mai faɗin inci 15, juyi nawa ne a minti mafi ƙanƙanta da mafi yawa bisa ƙa'idar da na kawo? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku, zan buga sunayen waɗanda suka dace.

In akwai masassaƙi a unguwarku ko a kasuwarku, ku je ku gaishe shi, ku zauna ku kalli hannunsa ko na rabin awa ne. Ku tambaye shi yadda yake gane kaurin bango da kunne.

Game da Kaka, har yanzu da tsohon turminta mai robar taya take daka. Kawu ya samo wani guntun ƙirya a wurin wani manomi, ya ce wannan karon tare za mu yi: ni in fitar da waje da rabin ciki a inji, shi ya ƙarasa gindi da ƙarfen mahaifinsa. Mun rarake shi mun bar bango da kauri, mun shafe shi da man kaɗanya, yana cikin buhu a ƙuryar ɗakinsa. Ya ce kada in ƙara tambayarsa sai bayan damina. A gefen gidan kuma mun shuka ƙwayar ƙirya guda biyar bayan mun jiƙa su a ruwan zafi don ɓawon ya yi laushi, biyu sun tsiro, mun kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. A yi karatu lafiya.